Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Na Mayar Da Kwamfutar Gem Ɗina Linux Na Sha Wuya

Daga wani ɗalibin ND II, Sashen Injiniyan Lantarki



Duk wanda yake kwana a bulok ɗinmu ya san ɗakin da ake jin ihun "gol!" bayan sallar isha'i. Ɗakinmu ne, kwamfutar da ake ihun a kanta kuma tawa ce. To a farkon zangon nan ɗakin ya yi tsit har mako uku. Wasu suka ce an sace kwamfutar, wasu suka ce wa'azi ne ya kama ni. Babu ko ɗaya. Ni da hannuna na goge Windows na ɗora Linux cikin dare ɗaya, ban yi shawara da kowa ba, alhali saura wata guda rukuninmu ya miƙa babi na uku na furojet.

Na kawo labarin mujallar nan ne saboda na ji 'yan sashenmu da na kimiyyar kwamfuta da dama suna shirin yin irin abin da na yi. Ba hana ku zan yi ba, don har yau Linux na kan kwamfutata, a kansa ma na buga wannan rubutun. So nake wanda zai shiga ya san abin da ke gabansa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dai gem ɗina ne ya kama.

Me ya kai ni?

Yayana ne ya saya mini kwamfutar, 'yar gwanjo, lokacin da na samu gurbin karatu. Shi don karatu ya ba da kuɗin, ni kuma na zaɓo mai katin hoto na daban saboda gem. Da Windows 10 ta zo, irin wanda ake ɗora maka a kasuwa kafin ka gama cinikin jaka.

Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. An fito da tsarin ƙarin wa'adin gyaran tsaro zuwa Oktoban 2026, amma wannan jinkiri ne kawai. Hanyar da aka nuna wa kowa ita ce Windows 11, shi kuma yana da sharuɗɗa. Sai kwamfuta tana da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, in na Intel ne ya kasance daga zubi na takwas zuwa sama, in ban da 'yan kaɗan. Nawa zubi na bakwai ne. Ga kuma ƙwayar cutar nan da muke kwasowa a filashi daga shagunan buga takardu, mai mayar da foldoji su zama shotkot. Na gaji.

Ana cikin haka na kalli wani bidiyo, wani mutum yana buga manyan gem a Linux lafiya lau. Bidiyon bai kai minti goma sha biyar ba. A kansa na yanke hukunci.

Shi Linux ɗin mene ne?

Ga wanda ba fanninsa ba: kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tsakanin ƙarfen da sauran manhajoji. Ita ke raba aiki, ita ke magana da sikirin da kibod da ma'ajiya. Windows ɗaya ne daga cikin irin waɗannan, mallakar kamfani ne, kuma rubutun da aka gina shi da shi a rufe yake. Linux kuwa a buɗe yake. Kowa na iya karanta rubutunsa, ya gyara, ya raba wa wasu, ba kuɗin lasisi.

Wani ɗalibi ne a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarsa, wadda ake kira kanel, a shekarar 1991 yana ɗan shekara 21. Wato bai ma kai shekaruna na yanzu ba. Aka haɗa kanel ɗin da kayan aikin GNU, shirin da Richard Stallman ya sanar a 1983, aka samu cikakkiyar manhaja. In wayarka Android ce, kanel ɗin Linux ne a cikinta. Tun Nuwamban 2017 kuma duka manyan kwamfutoci 500 da suka fi sauri a duniya Linux suke amfani da shi.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne Linux ba guda ɗaya ba ne. Kamar shinkafa ce: wani ya yi dafa-duka, wani garau-garau, wani tuwo. Akwai Ubuntu, wanda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004. Akwai Fedora, akwai Arch, akwai Linux Mint da aka gina a kan Ubuntu. Mint na ɗauka saboda fuskarsa ta yi kama da ta Windows. Nauyinsa wajen giga 3 ne. Na sauke shi, na rubuta shi a filashi da manhajar Rufus, na ce bismillah.

Darasi na ɗaya: in an ce diski, duka ake nufi

Kamar yawancinmu, ma'ajiyar kwamfutata kashi biyu ce, C da D. Windows na C, komai nawa na D: furojet, gem, hotunan bikin yayata. Da na kai wurin zaɓi, sai na ga an rubuta "Erase disk and install Linux Mint". A raina na ce ai C ake nufi. Har gargaɗi ya fito, ban karanta ba, na danna.

C da D ɗakuna biyu ne a gida ɗaya, katanga ce kawai ta raba su. Wannan zaɓin gidan yake rushewa gaba ɗaya. Sai da safe na nemi D na rasa. Wallahi zama na yi a bakin gado, gumi na zuba, ga sanyin asuba.

Na gwada manhajar PhotoRec mai tono fayilolin da aka goge. Tana aiki, amma fayilolin ba sa dawowa da sunansu, kuma in ma'ajiyarka SSD ce, irin tawa, sau da yawa abin da aka goge ya tafi ke nan. Ƙananan hotuna barkatai na samu, babu babi na uku. Babi na ɗaya da na biyu Allah ya taimake ni na taɓa tura su guruf ɗinmu na WhatsApp. Na ukun ne matsala, domin a cikinsa awon da muka ɗauka na kwana goma sha ɗaya yake. Na'urar sauya layi muke haɗawa, mai komawa sola da kanta in an ɗauke wuta, kuma a wurina kaɗai alkaluman suke.

Mu huɗu ne a rukunin. Da na gaya musu, ɗaya daga cikinmu ta dube ni ta ce, "Yanzu kai saboda gem ka jefa mu a wannan?" Ban da amsa. Muka je wurin malamin da ke duba aikin, na ce, "Yallaɓai, kwamfutar ce ta samu matsala." Ya ce, "Kwamfutar ko mai ita?" Na sunkuyar da kai. Ya ce mu je mu sake awon, ranar miƙawa kuma tana nan inda take.

Saboda haka, kafin ka taɓa babbar manhaja, ko wace iri ce, ka kwashe kayanka zuwa wuri biyu da ba cikin kwamfutar ba: diskin waje ko filashi, da imel ko Google Drive. Sannan ka buɗe kwafin ka tabbatar yana buɗuwa.

Darasi na biyu: direba

Kowane sashe na kwamfuta yana da 'yar manhajar da ke koya wa babbar manhaja yadda za ta sarrafa shi. Ita ake kira direba. A Linux yawancin direbobi suna cikin kanel tun asali, shi ya sa firinta da maus da kyamara sukan kama aiki da kansu. Amma ba duka ba.

Nawa Wi-Fi ne ya ƙi fitowa. Ka ga ana buƙatar intanet a sauke abin da zai kawo intanet. Mafita tana aljihuna ban sani ba: ka haɗa wayar Android da kebul, ka kunna USB tethering a saitinta, Linux zai ɗauke ta a matsayin layin intanet nan take. Daga nan ka buɗe Driver Manager na Mint, zai nuna maka abin da ya rage.

Katin hoto ya fi wannan ciwo. Na AMD da na Intel direbobinsu buɗaɗɗu ne, suna zuwa tare da Linux. Na Nvidia kuwa, in kana son cikakken ƙarfinsa, sai ka saka direban kamfanin daban. A nan wani abu mai suna Secure Boot yake shigowa. Tsaro ne da ke hana duk abin da ba shi da sa hannun da aka amince da shi shiga kanel. Mint yakan sa ka zaɓi kalmar sirri, in ka sake kunna kwamfutar sai wani shuɗin allo ya fito yana tambayar ko za a yi "Enroll MOK", wato a yi wa makullin kwamfutarka rajista. Ni da na ga shuɗin allo na ɗauka matsala ce, na wuce shi da sauri. Sakamakon haka direban yana cikin kwamfutar amma bai taɓa tashi ba. Gem yana tafiya kamar hoton da ake juyawa da hannu, ni kuma ina zagin Linux. Dare huɗu na yi kafin na gane ni na rufe ƙofar.

Ƙari a kan haka, yawancin laftof na gem katin hoto biyu gare su: ƙarami mai tattalin batir, da babba na aiki mai nauyi. Sai ka tabbatar gem ɗinka a kan babban yake. A Mint akwai 'yar alama kusa da agogo da ake sauyawa. In kana son ganin abin da ke aiki, buɗe taminal, wato baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ka rubuta inxi -G.

Abin takaicin shi ne rabin wannan zan iya sani tun kafin na goge komai. Filashin da ka rubuta Linux a kai yana iya tayar da kwamfutar ba tare da ya taɓa ma'ajiyarta ba. Ka zauna a ciki awa ɗaya, ka gwada Wi-Fi, sauti, Bluetooth, hasken sikirin da fad ɗin gem. In ka zare filashin ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi.

Darasi na uku: gem ɗin Windows sai da tafinta

Yawancin gem na kwamfuta don Windows aka rubuta su. In suna son zana hoto, da yaren DirectX suke magana, na Microsoft. Linux ba ya jin wannan yaren, nasa su ne Vulkan da OpenGL. Don haka sai an sa tafinta a tsakani.

Tafintan farko shi ne Wine, wanda aka fara tun 1993. Kamfanin Valve, mai kasuwar gem ta Steam, ya kawo Steam ɗin Linux a 2013, sannan a Agustan 2018 ya fito da Proton: Wine ne aka gyara musamman don gem, aka haɗa masa DXVK mai fassara DirectX 9 zuwa 11, da VKD3D mai fassara DirectX 12, duka zuwa Vulkan. A 2022 kamfanin ya fitar da na'urar gem ta hannu, Steam Deck, wadda Linux ne a cikinta. Tun daga nan abin ya inganta sosai. Mutumin bidiyon nan bai yi ƙarya ba.

Ni ma na gani da idona. Bayan direban ya tashi, The Witcher 3 da ɓangaren labari na GTA V sun tafi sumul. Fad ɗin PS4 ina sa kebul ya kama. PPSSPP da PCSX2, masu buga gem ɗin PSP da PS2, suna da nasu na Linux, haka Counter-Strike 2 da Dota 2, ba sa buƙatar tafinta. Gem ɗin da ka saya a Epic ko GOG kuma akwai Heroic da Lutris.

Sai dai tafinta yana da nasa lokacin. Karon farko da ka buɗe gem, Steam kan tsaya yana rubuta "Processing Vulkan shaders", yana shirya fassarar zanen tun kafin a fara. A tsohuwar kwamfuta irin tawa sai ka sha shayi ka dawo. Wani gem ɗin kuma sai ka sauya zubin Proton kafin ya tashi. Akwai shafin ProtonDB inda masu bugawa ke ba da rahoto, a jera gem daga Platinum, wanda ke tashi ba gyara, zuwa Gold, Silver, Bronze, har Borked, wanda ba ya tashi sam. Rubuta sunan gem ɗinka a can bai kai minti ɗaya ba.

Ga masu gem ɗin kasuwa da aka fasa: rahotannin can a kan na asali suke, naka yana iya ƙin shiga. Kuma kada ka ɗauka Linux ya kare ka daga abin da aka cusa a ciki. Wine da ke tayar da gem yana iya tayar da ƙwayar cutar da ta biyo shi.

Darasi na huɗu: mai gadin da ba ya karɓar tafinta

Nan ne aka yi ta. Gem ɗin ƙwallon da muke bugawa a ɗaki, mu biyar muka haɗa kuɗi muka sayi na asali don mu riƙa karawa da mutane ta intanet. Na sauke shi, na danna, ya ɗan yi motsi ya mutu. Na sauya Proton, na kwafi umarni iri-iri, shiru. Abokin ɗakina yana tsaye a kaina da fad a hannu. Ya ce, "Mutumina, ka ce mana kyauta ne. To kuɗinmu fa?"

Ga dalilin. Gem ɗin da ake karawa ta intanet suna fama da masu maguɗi, don haka kamfanoni ke haɗa su da manhajar hana maguɗi. Wasu daga cikin waɗannan masu gadin har cikin kanel ɗin Windows suke shiga su zauna, su sa ido a kan duk abin da ke motsi. Proton yana fassara maganar gem, amma ba shi da kanel ɗin Windows da zai ba mai gadin ya zauna. Mai gadi ya duba bai ga wurinsa ba, sai ya hana gem ɗin tashi. Babu saitin da zai gyara wannan daga wajenka.

A 2021 manyan masu gadi biyu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, sun ba da damar aiki da Proton, amma sai mai gem ɗin ya ga dama ya kunna. Wasu sun kunna, wasu sun ƙi, hujjarsu ita ce tsarin da kowa ke iya gyara kanel ɗinsa ya fi wuyar tsarewa, masu bugawa a kansa kuma 'yan kaɗan ne. Ko ka yarda da hujjar ko ba ka yarda ba, gem ɗin nasu ne. A lokacin da nake wannan rubutu, Valorant, Fortnite, PUBG na kwamfuta, sababbin Call of Duty, da gem ɗin ƙwallo na EA tun daga FIFA 23 ba sa tashi a Linux. Wanda ke aiki yau ma yana iya dainawa gobe: a 2024 kaɗai League of Legends, Apex Legends da ɓangaren intanet na GTA V duk sun rufe wa masu Linux ƙofa. Akwai shafi mai suna Are We Anti-Cheat Yet da ke bin diddigin wannan.

Kada ka yi ƙoƙarin zagaye mai gadin da dabarun da za ka gani a intanet. Ana iya rufe maka asusu, kuɗin da ka sa ya bi ruwa. Laifin dai nawa ne. Gem ɗaya tak ne dalilin da ya sa ake cika ɗakinmu, kuma shi ne ban duba ba.

Darasi na biyar: manhajar kyauta ce, data ba kyauta ba ce

Masu yin bidiyon nan a ƙasashen da intanet ba ya ƙarewa suke. In sun ce "sai ka sake saukewa", ba su san me suka faɗa ba. GTA V kaɗai ya kai wajen giga 100. Mu kuwa a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Ga sabunta Mint, ga Proton, ga fayilolin zanen da Steam ke saukewa a kai a kai. Kuɗin abincin mako biyu na zuba a data, na koma gari da ƙuli.

Da na sani, da na kwafi foldar steamapps zuwa diskin waje. In ka mayar da ita ka ce Steam ya saka gem ɗin, yakan gano fayilolin da ke nan ya sauke abin da ya rage kawai. Amma ka kwafe su zuwa ɓangaren Linux, mai tsarin ext4. Buga su kai tsaye daga ɓangaren Windows, mai tsarin NTFS, yakan jawo matsaloli da Proton. Fayilolin zanen kuma ana iya kashe saukarsu a saitin Steam in data ta yi ƙasa.

Sai wuta. Batir ɗin 'yar gwanjo kowa ya san halinsa. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar raba diski ko sabunta kanel, kana iya tashi da kwamfutar da ba ta kunnuwa. Ka cika caji tukuna, ko ka je inda janareta yake. Mint yana zuwa da Timeshift, mai adana yanayin babbar manhaja don ka koma baya in abu ya lalace. Ka kunna shi ranar farko. Amma shi manhaja yake karewa, takardunka ba sa ciki sai ka yi musu nasu tanadin.

Darasi na shida: karatun da aka sayi kwamfutar dominsa

Ina ta kukan gem, sai ga Proteus, manhajar da muke gwada da'irar lantarki da ita kafin mu taɓa waya. Ta Windows ce kawai. AutoCAD, CorelDRAW da Photoshop su ma ba su da na Linux. 'Yan gine-gine da 'yan zane, ku ji da kyau. MATLAB yana da na Linux, haka KiCad na zana allon da'ira, haka manhajar Arduino.

Ita ma Arduino sai da ta ja mini rai: na sa kebul, ta ce ba ni da izini. Linux ba ya barin kowa ya taɓa irin wannan mashigar sai ɗan rukunin dialout. Umarnin shi ne sudo usermod -aG dialout $USER, sannan ka fita daga asusunka ka sake shiga.

LibreOffice yana buɗe takardun Word yana kuma ajiye su, amma ba kullum tsarin ke zama daidai ba. Times New Roman da makaranta ke nema ba ya zuwa da Mint, wani mai kama da shi ake sa maka, Liberation Serif, sai ka saka na asalin da kanka. Na kai babi shagon buga takardu, jadawali ya tsallake shafi, na biya kuɗin bugu sau biyu. Tun daga ranar PDF nake kai musu.

Kada in yi rashin adalci. Kwamfutar ta fi saurin tashi, fanka ta rage kuka. Ƙwayar cutar shotkot ba ta aiki a Linux, har na zama mai wanke wa 'yan bulok filashi, in buɗe in goge ta in fito musu da foldojinsu. Mako ukun nan kuma sun koya mini yadda kwamfuta take tashi da yadda ake raba diski fiye da abin da na riƙe daga aji. Taminal da nake tsoro yanzu a cikinsa nake rabin aikina.

Inda na tsaya

Manhaja biyu na ɗora, kowacce da ɗakinta. Na kwashe komai, wannan karon wuri biyu, na fara saka Windows, na rage masa fili, sannan na saka Mint a gefensa. In na kunna, allo yana tambayata wanne nake so. Wani abin mamaki, da na sauke Windows daga shafin kamfanin, da kansa ya zama mai lasisi. Yawancin laftof na kamfani tun zamanin Windows 8 da lasisinsu a jikin allon suke zuwa, na kasuwa ne ake ɗorawa a kai ba dalili. Na shiga tsarin ƙarin wa'adin nan, na bar wa Windows abu biyu: ƙwallo da Proteus. Sauran duka Linux.

Mai bin wannan hanya ya kula da abu uku. Ya kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux yana iya ƙin rubutu a ɓangaren Windows. In BitLocker na kunne, ya adana lambar buɗe shi a takarda kafin ya taɓa diski. Na uku agogo: Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC a agogon kwamfuta, Windows kuma yana karanta shi a matsayin lokacin gida. Mu muna gaban UTC da awa ɗaya, don haka in ka koma Windows sai ka ga agogo ya koma baya da awa guda. Haka na shiga lakcar ƙarfe takwas ana shirin fitowa. Gyaransa a Linux: timedatectl set-local-rtc 1.

Kafin ka taɓa komai

1. Ɗauki takarda ka rubuta gem da manhajojin da ba za ka iya mako guda babu su ba. Ba za su wuce goma ba.
2. Duba kowane gem a ProtonDB da Are We Anti-Cheat Yet, kowace manhaja kuma a shafin masu ita. In ɗaya daga cikin na dole ba ya aiki, kada ka goge Windows.
3. Kwashe kayanka wuri biyu, har da foldar gem.
4. Tayar da Linux daga filashi ka gwada komai.
5. Fara da manhaja biyu gefe da gefe. In ka yi zango guda ba ka buɗe Windows ba, sai ka sallame shi.
6. Karanta duk allon da ya tsayar da kai, ko shuɗi ne ko ja.
7. Bari sai hutu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni tambayar da na yi tun farko ita ce wanne ya fi, Windows ko Linux. Da na tambayi kaina me nake yi da kwamfutar nan kullum, da takarda ɗaya da minti goma sun ishe ni.

Babi na uku mun miƙa shi ranar ƙarshe, saura minti arba'in a rufe ofis, bayan mun sake awon daga farko. 'Yan rukuninmu sun yafe mini, da sharaɗin kowane fayil yanzu yana wayar mutum huɗu. Hotunan bikin yayata kuwa har yau ban gaya mata ba, ina ta bin dangi ina tarawa ɗaya bayan ɗaya. Yaya, in mujallar nan ta iso gida, a yi haƙuri.

Wanda yake son gwada Linux a filashi ba tare da ya goge komai ba, ya same ni a ɗaki bayan isha'i. Ya zo da filashinsa mai giga 8 da babu komai a ciki, don rubuta Linux yana share duk abin da ke kai. In ya tarar ana wasa, sai ya jira a tashi.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.